Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Yadda Ya Riƙe Shawara da Saɓani

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. An haife shi wajen shekara ta 1781, ya rasu a Wurno cikin shekara ta 1837, bayan ya yi shekara 20 bisa sarautar Musulmi. Galibin mutane sun san shi da yaƙi, da gina birnin Sakkwato, da yawan littattafai. Amma abin da ya fi dacewa ma'aikacin hukuma ya riƙe daga labarinsa shi ne yadda ya yi da waɗanda suka saɓa masa, da inda shawara ta yi masa amfani, da inda ta ƙare aka zare takobi. Babban rabo na wannan labari kuwa a Zamfara ya auku, cikin ƙasar da Gusau da Tsafe da Bungudu su ke.

Tashinsa da Karatunsa

A Degel ya tashi, cikin ƙasar Gobir, inda mahaifinsa ya ke zaune da almajiransa. Ya yi karatu wurin Shehu, da wurin baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da wurin wansa Muhammadu Sa'adu, da waɗansu malamai na Jama'a. Ya karanta Larabci da fikihu da tafsiri da hadisi, ya kuma yi sha'awar ilmin magani da labarun ƙasashe. Gidan da ya tashi gida ne na muhawara. Malamai su kan zauna su ɗauki mas'ala guda, ko wane ya kawo hujjarsa daga littafi, ƙarami ya iya ja da babba muddin yana da nassi a hannu. Shehu da ƙanensa Abdullahi su kansu sun sha bamban bisa waɗansu mas'aloli, ko wanensu ya rubuta abin da ya gani, ba su kuwa rabu ba saboda wannan. Bello ya ga haka tun yana yaro, ya saba da cewa mutum ya iya saɓa maka alhali shi ɗan'uwanka ne.

Tun kafin Bello ya yi wayo sosai Shehu ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi cikin Zamfara, ya sami almajirai da yawa a can. Zamfarawa kuwa suna da tsohon miki game da Gobirawa, domin Sarkin Gobir Babari ya ci birninsu, Gobirawa suka kafa Alkalawa bisa ƙasarsu.

Hijira da Mubaya'a

Da al'amari ya ɓaci tsakanin Jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, sai Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804, wato shekara ta 1218 ta Hijira. A Gudu Jama'a suka taru suka yi shawara, suka ga ba shi yiwuwa su zauna ba shugaba alhali yaƙi ya tasam musu. Suka daidaita bisa Shehu. Malam Abdullahi ya fara yi masa mubaya'a, sa'an nan Bello, sa'an nan Umaru Alkammu, sa'an nan sauran mutane. A sa'an nan Bello bai wuce shekara 23 ba. Wannan shi ne asalin sarautar Sarkin Musulmi a ƙasar Hausa, da taro aka fara ta, da yardar waɗanda suka halarta.

Cikin watan Yuni na wannan shekara aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, Jama'a suka kori Yunfa. Shehu ya aika wa sarakunan Hausa takardu yana bayyana musu abin da ya ke kira gare shi. Sarkin Zazzau Jatau ya karɓa, na Katsina da na Kano suka ƙi. A ƙarshen shekara aka yi yaƙin Tsuntsuwa kusa da Alkalawa, aka kashe Jama'a kamar 2,000, cikinsu da mahaddata Alkur'ani kamar 200. Ga yunwa kuma ta kama su. Sai suka tashi suka nufi Zamfara, suka sauka a wurin da a ke kira Sabon Gari, a farkon 1805.

Zaman Zamfara

Zamfarawa suka karɓe su da farko, don abokin gabarsu ɗaya ne. Amma rundunar da ta sauka bisa ƙasa ba ta da rumbu sai na masu ƙasa. Mayaƙa suka shiga ƙauyuka neman abinci, waɗansu suka wuce iyaka, suka ƙwace abin da ba a ba su ba. Ba a daɗe ba zukatan Zamfarawa suka juya, waɗanda suka yi maraba jiya suka zama abokan gaba. Bello bai ɓoye wannan ba. Ya rubuta cikin littafinsa cewa zaluncin da waɗansu daga cikin Jama'a suka yi wa mutanen Zamfara yana cikin dalilan juyawarsu. Shugaban da ya ci nasara ba safai ya kan rubuta laifin mutanensa ba, amma shi ya rubuta, kuma shekarun da ya yi daga baya yana fama da tawayen Zamfara sun nuna masa tsadar abin da aka yi a wannan shekara.

Cikin 1805 aka ci Birnin Kebbi, Shehu ya koma Gwandu. A ƙarshen shekara Gobirawa da Azbinawa suka yi wa Jama'a mummunar ɓarna a Alwasa. Bayan wannan Shehu ya aiki Bello ya sadu da shugabannin Jama'a na gabas, aka yi taro a Birnin Gada cikin ƙasar Zamfara, cikin ranin da ya haɗa 1805 da 1806. Mutanen Zamfara da na Katsina da na Kano da na Daura suka zo. Bello ya isar musu da saƙon Shehu, ya karɓi mubaya'arsu bisa bin Littafi da Sunna, ya gargaɗe su kada son mulki da hassada su raba su bayan Allah ya ba su ƙasa. Aka ɗora Malam Sulaimanu bisa Jama'ar Kano, mutum mai ilmi da tawali'u, alhali akwai waɗanda suka fi shi yawan mabiya. Kafin wannan taro ko wace ƙasa yaƙinta ta ke yi ita kaɗai. Daga nan suka zama abu guda ƙarƙashin shugaba guda.

Al'amarin 'Yandoto

'Yandoto tsohon gari ne na malamai, tsakanin Gusau da Tsafe, a sa'an nan yana cikin ƙasar Katsina. Tun zamanin da almajirai su ke zuwa can daga nesa neman ilmi. Da kiran Shehu ya bayyana, malaman garin suka rabu biyu. Waɗansu suka bi shi, mafi yawa suka ƙi, suka ga babu hujjar ɗaukar makami bisa sarakunan da ke salla da azumi. Zama ya yi wuya ga masu bin Shehu har suka fita garin. Cikin almajiran Shehu na wannan yanki akwai Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau.

Cikin wannan tsakani na taron Birnin Gada Bello ya zo ya sauka kusa da 'Yandoto, tare da shugabannin Jama'ar Katsina. Bai fara da yaƙi ba. Ya aika wa malaman garin su fito a zauna a yi muhawara, in gaskiya tana wurinsu shi da mutanensa su bar abin da su ke kai, in kuwa tana wurinsa su su bi. Malaman suka ƙi fitowa, suka mayar masa da amsa mai zafi, suka nuna ba su son haɗuwa da shi ko da mahaifinsa. Sa'an nan ya faɗa wa garin, ya ci shi, malamai suka watse.

Wannan labari daga alƙalamin Bello ya fi zuwa, shi ne kuwa wanda ya yi rinjaye. Mai hankali ya lura da abu biyu. Na farko, ya kira muhawara kafin yaƙi, abin da ba ko wane mai runduna ke yi ba. Na biyu, wanda aka kira muhawara alhali dawaki suna tsaye a ƙofar garinsa yana da dalilin jin tsoro, domin ya san abin da zai biyo in ya ƙi sallamawa. Shawarar da a ke yi ƙarƙashin inuwar mashi ba ta cika kawo yarda ba. 'Yandoto ba ta sake komawa matsayinta na da ba, amma sunanta bai ɓata ba. Har wa yau sarautar Sarkin Tsafe 'Yandoto ce, kamar yadda ta Gusau ta ke Sarkin Katsina don tunawa da ƙasar da ta ke ciki, ta Bungudu kuma Sarkin Fulani. Sunayen sarautun nan uku sun isa su nuna cewa mutane iri iri aka haɗa a wannan yanki, ba a kuwa shafe asalin kowa ba.

Gina Sakkwato da Wasiƙun Barno

Cikin 1807 Malam Abdullahi ya ga waɗansu daga cikin Jama'a sun karkata ga neman dukiya da sarauta, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam bisa ƙa'idodin mulki, sa'an nan ya komo. Cikin watan Oktoba na 1808 Bello ya jagoranci rundunar da ta ci Alkalawa, aka kashe Yunfa. Mutanen Zamfara ƙarƙashin Namoda da na Katsina ƙarƙashin Umaru Dallaji suna cikin wannan yaƙi, amfanin taron Birnin Gada ke nan ya fito. Cikin 1809 Bello ya fara ginin Sakkwato. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, shi kuwa ya koma ga karantarwa da rubutu.

Cikin waɗannan shekaru ne Shehu Muhammadu Aminu Elkanemi na Barno ya aiko da takardu yana tambayar hujjar da Jama'a su ke yaƙar Barno da ita, alhali mutanenta Musulmi ne. Ya ce saɓo ba kafirci ba ne, kuma babu ƙasar da ta rasa masu saɓo. Ya kuma zarge su da wulaƙanta littattafai a garuruwan da suka ci. Bello ya amsa masa mas'ala mas'ala. Game da littattafai ya ba da labarin wani gari da suka ci, inda ya ga takardu iska tana watsa su, ya yi ta tsince su da hannunsa har ya gaji, ya tara mayaƙa ya tsawata musu. Masana da yawa suna danganta wannan da 'Yandoto.

Ba su daidaita ba. Amma da Bello ya rubuta littafinsa Infakul Maisuri, wanda ya ƙare cikin 1812, sai ya sa takardun Elkanemi a ciki tare da amsoshinsu. Da ya so da ya bar su sun ɓata. Saboda abin da ya yi, duk wanda ya karanta littafin yau ya kan ji hujjar ɓangare biyu, ya auna da kansa.

Rasuwar Shehu da Rufe Ƙofa

Shehu ya koma Sakkwato daga Sifawa cikin 1815, ya rasu a can cikin watan Afrilu na 1817, shekara ta 1232 ta Hijira. Mutum biyu ne a ke dubawa, Malam Abdullahi da Bello. Abdullahi ya fi shekaru, ya fi suna wajen ilmi, shi ne kuma wazirin Shehu. Bello ya fi riƙe mayaƙa da sha'anin ƙasashen gabas. Manyan Jama'a da ke Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a nan da nan. Da Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya iso, sai ya tarar an rufe ƙofofin birni. Ya juya, ya koma, daga baya ya zauna a Gwandu, bai yi mubaya'a ba.

Masu ba da uzuri sun ce an yi gaggawa ne don tsoron fitina, gama ƙasa tana rawa, maƙiya suna jira. Ko da haka ne, an yanke babban al'amari ba tare da an ji daga bakin wanda ya fi kowa cancantar a ji shi ba, kuma an biya kuɗin wannan da shekaru na rashin jituwa tsakanin Sakkwato da Gwandu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gobir da Kebbi da waɗansu sassa na Zamfara suka tashi da tawaye. Abin da ya tsare daular shi ne, Abdullahi bai tara runduna don neman sarauta ba, Bello kuma bai taɓa ƙasar da Shehu ya ba baffansa ba.

Abdussalami

Cikin waɗanda suka tashi akwai Malam Abdussalami, Ba'are, tsohon almajirin Shehu. Mutanensa na Gimbana ne Gobirawa suka kama tun kafin hijira, abin da ya zama ɗaya daga cikin musabbaban jihadi. Yana ganin ya sha wuya tun farko, amma da aka zo rabon ƙasa aka ba shi kaɗan, dangin Shehu da manyan Fulani suka sami mai yawa. Yana zaune a Kware, kusa da Sakkwato, masu ƙorafi suka yi ta taruwa wurinsa.

Bello ya yi ta musayar takardu da shi. Abdussalami ya zana masa yadda aka raba ƙasa, ya nuna ɗan abin da ya samu, ya kuma kawo hujja bisa zaluncin da ya ce ya bayyana cikin Jama'a. Bello ya amsa, ya kira shi ya komo ga biyayya. Magana ba ta yi ba, domin Abdussalami ya riga ya haɗa kai da abokan gaba. A farkon 1818 aka ci Kware, aka yi masa rauni, ya gudu zuwa Bakura cikin Zamfara, ya rasu a can. Bello ya rubuta littafi bisa wannan al'amari mai suna Sardul Kalami, a nan ma ya ajiye maganar abokin husumarsa. Daga cikinsa ne a ke sanin cewa ƙorafin Abdussalami ya daɗe tun Shehu yana da rai. Kukan da ba a saurara ba yana ƙarami shi ne ya girma har ya ci gari.

Kalambaina

Sauran mutanen Abdussalami suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka ƙi Malam Abdullahi, ya yi ta fama da su bai ci su ba. Wajen 1820 Bello ya tashi da rundunarsa ya tafi taimakon baffansa, suka haɗu suka ci garin. Da suka yi arba bayan yaƙi, Bello ya yi nufin sauka daga doki don girmama baffansa. Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi, ya sallama masa. Ya kuma yarda da Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, a matsayin Waziri. Ko wanensu ya bar wani abu na haƙƙinsa, ƙarami ya ba da girma, babba ya ba da biyayya. Gwandu ta ci gaba da duba ƙasashen yamma, Abdullahi ya riƙe ta har ya rasu cikin 1829. Harshe da haƙori ma su kan saɓa, amma baki ɗaya su ke kwana.

Irin wannan sulhu ya yi a gabas. Da Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu cikin 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, sai Ɗan Tunku ya ƙi binsa, aka yi shekaru ana yaƙi. Bello ya raba gardama, ya bar wa Ɗan Tunku Kazaure ta zama ƙasa mai bin Sakkwato kai tsaye. Ya ga ya fi sauƙi a ƙara sarki ɗaya bisa a yi ta zubar da jinin Musulmi.

Littafin Usulus Siyasa

Sarkin Katsina Umaru Dallaji ya roƙe shi nasiha bisa mulki, sai ya rubuta masa ɗan littafi mai suna Usulus Siyasa, ya kafa shi bisa asali bakwai. Shugaba ya kasance mai tsoron Allah, wanda bai nemi sarauta don kwaɗayi ba. Ya kasance mai sauƙin hali da yafiya. Ya lizimci malamai na kirki, ya riƙa jin shawararsu. Ya zaɓi ma'aikata nagari, ya ɗora musu sharaɗin adalci, ya riƙa bincikar aikinsu. Ya umarci talakawa su yi wa juna adalci, domin halin masu mulki daga halin jama'a ya ke fitowa. Ya tsai da abin da zai amfani mutane cikin duniyarsu, ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya sa ko wane gari ya sami rabonsa daga cikinsu, ya gyara kasuwanni da hanyoyi da ganuwa. Na bakwai, ya yi wa talakawa sassauci, kada ya ɗora musu abin da ba su iyawa.

Asali na huɗu shi ya fi shafar ma'aikaci. Talaka ba ya ganin sarki kullum, wanda ya ke gani shi ne mai karɓar haraji da alkali da ɗan doka da malamin kasuwa. In waɗannan suka yi adalci, sunan sarki ya gyaru. In suka ci amana, laifin kan sarki ya ke komawa ko da bai sani ba.

Ƙarshen Zamaninsa

Bello ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka don tsaron ƙasa, irin su Wurno da Bakura da Gandi, ya zaunar da mutane a cikinsu su yi noma da sana'a da karatu. Cikin 1824 Baturen Ingila Kyaftin Klafaton ya zo Sakkwato ta hanyar Kano da Zamfara, ya yi mamakin yadda Bello ya san ƙungiyoyin Kirista na da, da labarin mulkin Ingilishi a Hindu. Ya komo cikin 1826, ya rasu kusa da Sakkwato cikin 1827. Cikin 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa suka haɗa kai, Bello ya karya su a Gawakuke, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda.

Ya rasu a Wurno cikin watan Oktoba na 1837, shekara ta 1253 ta Hijira, a can kabarinsa ya ke. Ya bar littattafai fiye da 100. Yana da 'ya'ya manya waɗanda suka riƙe garuruwa, amma bai naɗa ko ɗaya ya gaje shi ba, ya bar al'amarin ga masu zaɓe. Waziri Giɗaɗo da manyan Jama'a suka zauna suka zaɓi ɗan'uwansa Abubakar Atiku. Wanda aka rufe ƙofa don a naɗa shi, da nasa lokaci ya zo sai ya bar ta a buɗe.

Abin da Ya Bari

Shawarar zamanin Bello ta malamai ce da shugabannin runduna da manyan gidaje. Talakawa ba su da wurin zama a cikinta, haka mata, balle bayi, waɗanda suka yi yawa ƙwarai cikin daular. Abin da a ke kira dimokuraɗiyya, wato mulkin da jama'a ke zaɓen shugabanninta da ƙuri'a, daga baya ya zo, a hankali kuma. Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, suka kafa mulkin En'e, Gusau da Tsafe da Bungudu suka zama gundumomi ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Cikin 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya kawo batu a Majalisar Arewa a Kaduna yana neman a gyara En'e, domin talakawa ba su da baki cikin sha'aninta. A wannan shekara kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Malam Aminu Kano ya bar koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, maƙwabciyar Bungudu, ya shiga siyasa. Cikin 1976 aka soke En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a zaɓen wannan shekara ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Cikin 1996 aka yi Jihar Zamfara, Gusau ta zama hedkwatarta.

Masana sha'anin mulki sun rabu bisa abin da ke riƙe jama'a. Waɗansu sun ce a zauna a yi ta kawo hujja har a daidaita bisa magana guda. Waɗansu sun ce saɓani ba ya ƙarewa tsakanin mutane, abin nema shi ne a yi masa hanya yadda abokin hamayya ba zai zama abokin gaba ba. Rayuwar Bello ta taɓa duka biyun. A Gudu da Birnin Gada an daidaita. Da Elkanemi ba a daidaita ba har suka rasu, amma hujjar ko wanensu ta tsira. A Kalambaina da Kazaure an raba iko aka zauna lafiya. A 'Yandoto da Kware magana ta ƙare, abin da aka rasa kuwa bai dawo ba.

Wanda ya yi aikin En'e, da wanda ya gaji aikinta a fadar sarki ko ofishin ƙaramar hukuma, ya san cewa gardamar gona da ta burtali da ta sarautar ƙauye ba ta ƙarewa. Abin da labarin nan ke koya masa shi ne ya kira mai ƙorafi tun kukansa yana ƙarami, ya ji shi ba tare da barazana ba, ya rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta ko da ba za a bi ta ba, kada kuma a yanke al'amari alhali wanda ya shafa yana bayan ƙofa. Shawara ɗaukar ɗaki ce, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Shehu, da Malam Abdullahi, da malaman 'Yandoto, da dukan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.